Yaron da ya kasa zama wuri ɗaya a aji

Malama, kin ce ɗan aji uku ya hana ajinki sakat, bulala ma ta gaza. Don Allah ki ajiye ta. Wasu yaran haka ƙwaƙwalwarsu take, likitoci na kiran abin ADHD, ba rashin tarbiyya ba ne.

Na taɓa samun irinsa. Na dawo da shi bencin gaba, nesa da taga, na ɗora masa goge allo da rabon littattafai. Umarni ɗaya nake ba shi, sai ya gama in ƙara wani. Ranar da ya fara kammala rubutu na yabe shi gaban 'yan aji, ya rufe fuska da littafi yana murmushi.

Ki zauna da mahaifiyarsa, su kai shi asibiti a duba shi.