Kwikwiyo mai susa, kar ka yi saurin cewa aleji ne

Toh ɗana, kwikwiyon nan ɗan wata 3 da ka ce yana ta susa ba dare ba rana har mai shi ya matsa a ba shi maganin aleji, wato jiki ya ƙi shiri da wani abu, ni dai ban yarda aleji ba ne tukuna. Alejin ƙura da na furen ciyayi yawanci sai kare ya kai wata 6 zuwa shekara 3 yake fara nunawa, shi kuwa ɗan wata 3 ƙwari za ka fara nema a jikinsa kafin komai.

Fara da ƙuma, kuma kar ka ce min ai ka duba ba ka gani ba, karen da kansa yake lashe su ya haɗiye. Samu matsefi mai ƙananan haƙora ka taje gindin wutsiya da bayan cinyoyi a kan farar takarda mai danshi, in baƙin garin da ya zubo ya narke ya koma ja toh kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Wani karen jikinsa ba ya shiri da yawun ƙuma sam, cizo kaɗan ya ishe shi ya yi ta gurzar baya har gashin wurin ya zube.

Sai ƙazuwa. Ita bakin kunne take kamawa da gwiwa da ƙasan ciki, ƙaiƙayinta kuma ba sauƙi. Murza gefen kunnen da yatsu biyu, in ka ga ƙafar baya ta fara harbi kamar zai yi susa ka zarge ta, ka kuma tambayi mai shi ko mutanen gidan sun fara susa su ma, don tana kama mutum. Ka kankaro fata ka duba a maikiroskof amma ko ba ka ga komai ba kar ka ce babu ita, sau da yawa ba a dace da ita, magani kawai ake yi a gani. Akwai ɗayar irin mai cinye gashi zagayen ido da ƙafafun gaba, ita ba ta cika ƙaiƙayi ba sai wurin ya yi ruwa.

Ƙwaya irin NexGard tana kashe ƙuma da ƙwayoyin ƙazuwar duka, ana ba ɗan sati 8 da ya kai kilo 2, amma ka ɗora shi a sikeli, banda kintace. Duk dabbar gidan a yi mata magani, a wanke shimfiɗa da ruwan zafi, a jure wata 3 don ƙwan ƙuma a ƙasa yake ba a jikin kare ba. In akwai kyanwa ka nisanta ta da duk maganin ƙwarin kare mai sinadarin permethrin, kashe ta yake.

Abin da ba na so in gani shi ne ka dirka masa allurar siteroyid mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi don mai shi ya ji daɗi, susar za ta lafa ɗan kwanaki ta ɓoye maka ciwon, in mai cin gashin nan ce ma ƙara ta za ka yi. Apoquel kuma, ƙwayar hana ƙaiƙayi, ba a ba karen da bai cika wata 12 ba.

In an gama da ƙwari susa na nan, yana lasar ƙafa, kunne na wari, ko da gudawa, sannan ka koma kan abinci. Naman sa, madara da kaza su aka fi kamawa da laifi. Abinci ɗaya tak da bai taɓa ci ba, wanda ya dace da kwikwiyo mai tasowa, sati 8 cur ba ɗan ƙashi ba ragowar kwano, in ya samu sauƙi ka mayar da tsohon ka ga ko susar za ta dawo. Kafin nan dai yanke masa farce, a yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun kare, inda ya yi gyambo ka wanke da maganin wanke ciwo chlorhexidine ka kawo min shi in gani.