Ku Tambaya Mu Amsa: Filashin da Ya Ƙi Tayar da Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗina HP ce, Windows ɗinta ya lalace, in na kunna sai ta tsaya a kan tambari. Na sauke fayil ɗin ISO na saka Windows, na kwafa cikin filashi, amma ta ƙi tashi da shi. Ga lissafin shagona duk yana cikin laftof ɗin. Ina mafita? Daga mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwafa ISO cikin filashi kamar ɗora buhun shinkafa ne a kan murhu ba a kwance bakinsa ba. Fayil ɗin ƙunshi ne, sai an warware shi an shimfiɗa a filashin yadda kwamfuta za ta iya tashi da shi.

Amma lissafin shagon za ka fara ceta. Ka ari wata kwamfutar, ka sauke Rufus, manhajar da ke shimfiɗa ISO a filashi, kyauta ce, ka haɗa filashi da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows da ke iya aiki daga kan filashi. Idan ka tayar da laftof ɗinka da shi, ka zaɓi "Try Ubuntu", kada ka taɓa "Install". Za ka ga rumbun kwamfutar, ka kwashe fayilolinka zuwa wani filashin daban. In ya nemi lambobi 48, BitLocker, makullin tsaro na Windows, shi ne ya kulle rumbun, kuma galibi mabuɗin yana cikin asusunka na Microsoft. Ka buɗe fayil biyu ko uku a wata kwamfutar ka ga sun buɗu kafin ka ce ka gama.

Sai Windows. Filashin kada ya gaza giga 8, kuma Rufus zai share duk abin da ke cikinsa. Ka nuna masa ISO ɗin, a wurin tsarin raba rumbu ka zaɓi GPT idan kwamfutar mai UEFI ce, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, kamar yawancin waɗanda aka ƙera daga 2012 zuwa yau, ko MBR idan tsohuwa ce. Nan ne aka fi tuntuɓe: in aka tayar da filashin ta tsohon tsarin BIOS alhali rumbun GPT ne, Windows zai ce ba zai sauka a kansa ba. Warware ISO da hannu ma ba ya ɓullewa, don FAT32, tsarin adana fayil a filashi, ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce giga 4, kuma install.wim, babban fayil ɗin da ke cikin ISO ɗin Windows, yakan wuce haka.

Da ka kunna HP, ka yi ta danna F9 har jerin zaɓi ya fito. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Batir ya zama cike, caja na jone, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na mayar da kai farko. In aikin ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya yana cewa fayil ya lalace, ka zargi filashin. Akwai na jabu a kasuwa da ke nuna giga 32 alhali cikinsu bai kai ba, kuma Rufus na da wurin gwada lafiyar filashi.

Tambaya: Na haɗa filashin daidai, amma Windows 11 ya ce kwamfutata ba ta cika sharaɗi ba. Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Malama, Windows 11 na neman TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin kwamfuta, da RAM giga 4, da rumbu mai giga 64, da furosesa ta Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD. Ki fara duba BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Windows ya tashi, sau da yawa TPM ɗin na nan a kashe, da sunan PTT ko fTPM. Rufus na iya tsallake sharaɗin, sai dai Microsoft ba ta lamunce wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. Komawa Windows 10 kuma, tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Idan rubutu da intanet ne aikinki, mun fi son ki sa Linux Mint, wani tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, da wannan filashin.