Amsa ga ɗalibar lafiyar al'umma mai neman gogewa lokacin hutu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina aji uku a jami'a, kuma kina son inda za ki koyi aiki da hannunki idan an yi hutu. Shawarata, ki bar babban asibiti tukuna, don a can galibi rijista za a miƙa miki ki yini kina rubuta sunaye. Ki karɓi wasiƙa daga sashenku, ki kai ofishin kula da lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarku, ki roƙi a haɗa ki da jami'in riga-kafi ko jami'in sa ido kan cututtuka. In hutun ya faɗo da damina, ki nemi shiga rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bi gida-gida wata-wata ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Duk unguwar da za ku shiga, ku fara gaishe da mai unguwa ko dagaci, ya haɗa ku da ɗan rakiya. In aka tsallake shi, sai ku yi ta jin "maigida ba ya nan". Kasancewarki mace riba ce: gidan da aka rubuta "ba shiga", ke za ki shiga, abokin aikinki ya jira a zaure. Ku fita da hantsi, ku kauce wa ranar kasuwa.

Abin da nake so ki ƙware a kai shi ne awon dantsen yaro, daga wata 6 zuwa 59. Hannun hagu ake aunawa. Ki lanƙwasa gwiwar hannun, ki gano tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar, ki sa alama, sannan a saki hannun ya sauka kafin ki zagaya ma'aunin. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne a jikin ma'aunin, tamowa mai tsanani, a tura shi asibiti ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, tamowa matsakaiciya. Inda ake kuskure, yaro na kuka, ɗaliba ta matse ma'aunin don ta gama da sauri, sai lafiyayye ya faɗa rawaya. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbi ya zauna a duka biyun, a tura shi ko me ma'auni ya nuna.

Shekaru ma kada ki karɓi "biyu" kawai. Ki nemi katin riga-kafi. In babu, ki tambaya: da kaka aka haife shi ko da damina, kafin Babbar Sallah ko bayanta? In ba haka ba, yaranki duk za su taru a wata 12, 24 da 36, kuma mai duba aikin zai gane.

Ranar riga-kafi ba ke za ki yi allura ba, amma ki sa ido kan sanyin da ake ajiye alluran a ciki: digiri 2 zuwa 8. Ƙanƙarar akwatin allurai a bar ta ta fara narkewa har a ji motsin ruwa in an girgiza, domin Penta, allurar riga-kafin cututtuka biyar, in ta daskare ta lalace. Allurar BCG ta tarin fuka da ta ƙyanda, awa 6 bayan an haɗa su da ruwansu ba a ƙara amfani da su.

Ki saba da ODK ko KoboCollect, manhajojin waya na cike fom, tun a gida, ki riƙe abin cajin waya da 'yan fom na takarda. Kafin ku bar unguwa ki duba kowane fom, kuma mai kula da ke ya sa hannu a littafin aikinki a ranar, kada ki tara masa sai ƙarshen wata.