Amsa ga mai tambaya kan ƙanwarta da ke aikatau a Riyadh

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don wannan ciwon mun san shi. Kin ce ƙanwarki wata huɗu ke nan tana shagala, wato aikatau, a wani gida a Riyadh, ko riyal ɗaya ba a ba ta ba, fasfo yana hannun kafili, wato maigidan da ya ɗauko ta, ga wasu suna zuga ta ta gudo Jidda su sama mata wani gidan. Allah ya kawo mata mafita.

Don girman Allah ki hana ta wannan gudun. Tana sa ƙafa waje kafili zai ɗauki wayarsa ya buga mata hurub, wato rahoton cewa ta gudu daga aiki. Daga nan tana iya zama mai laifi a idon hukuma: zuwa asibiti sai da fargaba, tura kuɗi sai da sunan wani, fita ta filin jirgi kuwa babu. Kuɗin wata huɗun ma karɓarsa ya ƙara wuya, don cewa zai yi ita ta karya yarjejeniya. Ƙarshenta a kama ta a kai tarhil, gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, irin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki zanen yatsunta, a dawo da ita da kayan jikinta, a kuma hana ta komawa. Masu cewa "taho muna da gida" ɗin nan su ma dillalai ne, kasonsu za su riƙa yanka duk wata, kuma ba ta da bakin ƙara tunda ba takarda.

Abin yi yanzu tara hujja ne, a ɓoye. Ta turo miki hoton igama, wato katin izinin zama, gaba da baya, lambar fasfo, takardar yarjejeniya, cikakken sunan kafili da lambar wayarsa, sunan maktab ɗin da ya karɓe ta, wato ofishin samar da 'yan aiki, da taswirar gidan ta WhatsApp. Da yawansu sunan unguwar ma ba su sani ba, daga jirgi sai mota sai bayan katanga. In ana dukanta ta ɗauki hoton wurin ranar da aka yi. Ta turo sannan ta goge, don uwargida na bincika waya. Kuma kada ta kuskura ta sa hannu ko ta dangwala a takardar Larabci da ba a karanta mata ba. Nan ake cin mutane: a ce takarda ce kawai, ashe shaida ce ta karɓi albashinta cif.

Doka tana bayanta, ko da yake a takarda ta fi ƙarfi. Riƙe fasfo haramun ne ga kafili. Dokar masu aikin gida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce aiki kada ya wuce awa 10 a rana, da hutun kwana ɗaya a mako. Tun Yulin 2024 sababbin zuwa ta asusu ake biyansu ƙarƙashin Musaned, tsarin gwamnatin Saudiyya na masu aikin gida, to in bai biya ba zai nuna. In kuma albashi ya kai wata 3 ba a biya ba, ana iya mayar da ita wajen wani kafilin ko shi bai yarda ba. Ta kira ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya a 19911, in da hali da mai jin Larabci a kusa. Sulhu ake fara yi, in ya gagara sai kotun ma'aikata. In ta ga ana neman ranta ko mutuncinta, kada ta jira komai, 911 za ta kira, ko ta miƙe kai tsaye ofishin 'yan sanda ko ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Riyadh. Ofishin jakadancin ne ke ba da takardar tafiya ta gaggawa in fasfo ya gagara.

Amma ni ejan ɗin gida da ya tura ta ya fi ci min rai, Allah ya isa. Shi ya zauna a tsakar gidanku yana jan carbi, yana "ai kusa da Harami ne, Umra duk wata, aikin ba yawa". An sayar da akuya da fili an ba shi, alhali kafili ya riga ya biya maktab dubban riyal, har da tikiti. Shi ya sa Balarabe ke cewa sayen ta ya yi. Ejan ya ci nan ya ci can. Yarinya tana goge bene hawa uku, ta kwanta ƙarfe biyun dare a ɗakin ajiya, ta tashi kafin asuba, in kun kira shi sai "a yi haƙuri ta cika shekara biyu, in ba haka ba ku biya kuɗin biza". Daga baya ma layin ya daina shiga. Mu ma da namu, in yarinya ta kira tana kuka sai a ce ta daure, ƙannenta na makaranta.

Ku nemi rasit ko shaidar tura masa kuɗi, da saƙonnin muryarsa, ku kai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ku kuma rubuta wa NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje. Ku tambaye shi lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, a nan za ki ga ya fara kame-kame. Kada ku ƙara masa ko sisi da sunan kuɗin fito da ita.

Sai dai ki fara tabbatar min da abu ɗaya, don duk wannan ya rataya a kansa: da bizar aiki ta shiga, ko ta Umra ko ziyara? In ta Umra ce ta zarce, ba ta cikin Musaned, hanyarta ofishin jakadanci ce kawai. Ki tambaye ta yau in wayar tana hannunta.