Tambayoyinku: Tumbi, suga da hawan jini a jikin mace ɗaya

Saƙonnin wannan satin kusan duk a kan abu ɗaya suke, shi ya sa na haɗa su waje guda.

Tambaya daga wata uwar gida a Ƙofar Ƙaura: Likita dan Allah, shekarata 43, an auna ni an ce jinina 138/88, sugana kuma ya ɗan hau amma bai kai ciwon suga ba, wai kitsen jinina ma ya yi yawa, ga tumbi. An ce in riƙa motsa jiki, to ni da nake wuni tsaye daga shara sai wanki sai girki, wane motsa jiki kuma ya rage mani?

Amsa: Hajiya abin da kika lissafo mu a asibiti muna kiranshi metabolik sindirom, wato abubuwa biyar ne, idan mace ta haɗa uku a ciki ta shiga layi: ƙugu da ya kai santimita 80 ko ya wuce, jini 130/85 zuwa sama, sugan safe kafin karyawa 100 zuwa sama, kitsen jini mai suna tiraigiliseraid 150 zuwa sama, sai kuma kitse mai amfani da ya faɗi ƙasa da 50. Ba ciwo ba ne da zai kwantar da ke yau, amma hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Batun aikin gida kuwa, ban raina shi ba wallahi, sai dai gajiya daban motsa jiki daban, tsayuwa gaban murhu na gajiyar da ƙafa amma zuciya ba ta san ana yi ba. Abin da ake nema shi ne tafiya da sauri har numfashinki ya ɗaga, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a sati mafi ƙaranci, kin ga minti 30 sau biyar kenan, kuma kina iya yanka shi goma goma. Idan daka kike yi da taɓarya ko jan ruwa a rijiya, wannan kam ya shiga lissafi. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 2002 kan masu suga a bakin gaɓa irin naki, waɗanda suka gyara ci suka riƙe minti 150 ɗin nan haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin suga mai suna metformin kuwa kashi 31.

Tambaya daga wani magidanci a Daura: Matata ce aka ba wannan shawarar, ni kuma gaskiya ba na son ta riƙa fita yawo a titi, ya za a yi?

Amsa: Malam ai ba sai ta fita ba. Tsakar gida ya isa, ta riƙa zagayawa da sauri da asuba bayan sallah ko da yamma in rana ta yi sanyi, musamman watannin Maris zuwa Mayu da zafin nan namu ba ya wasa, ta ajiye ruwa kusa. Sau biyu a sati ta ƙara da aikin ƙarfi, ta zauna kan kujera ta miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, ta huta ta sake, ta dafa bango da hannu biyu tana tura jikinta, ta cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu tana ɗagawa. Tsoka ita ce ke shanye sugan da ke yawo cikin jini, kuma in tana aiki tana ja ko da insulin, wato sinadarin jiki da ke sauke sugan jini, bai taimaka sosai ba, shi ya sa ko tafiyar minti goma bayan tuwon dare ke da amfani. Kai ma ka bi ta ku zagaya tare, in har kana da tumbi awon bai bar ka ba.

Tambaya daga wata a Ƙofar Marusa: Wata biyu ina motsa jiki amma sikeli ko gezau, na fara tunanin sayen shayin rage ƙiba da bel ɗin ɗaure ciki.

Amsa: 'Yar uwa riƙe kuɗinki. Shayin nan yawanci zawo yake sa ki da fitsari, ruwa ne ke fita ba kitse ba, bel kuma zufa kawai. Sikeli ba shi ne alƙali ba a nan, kitsen da ya fi cutarwa shi ne wanda ya naɗe hanji da hanta, kuma shi yana iya narkewa nauyi na nan yadda yake. Ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu, da safe, kin saki numfashi ba kin tsuke ciki ba, ki rubuta duk wata tare da awon jini. Sannan ki faɗa mani gaskiya, lemon kwalba nawa ake sha a biki, kuma cokali nawa na suga ke shiga fura da koko? Nan ne yawancin mata ke maido abin da suka ƙona.

Tambaya daga wata Inna ta hannun ɗiyarta: Gwiwa na damuna kuma ina shan maganin suga.

Amsa: Inna ki fara da tafiyar minti biyar, da takalmi mai laushi ba silifas ba, ki riƙa duba tafin ƙafarki ko akwai ciwo. In maganin gilibenkilamaid ne ko allurar insulin kada ki yi da yunwa, ki riƙe dabino a hannu don suga na iya faɗuwa, alamarshi rawar jiki da zufa mai sanyi. Ranar da awon jini ya kai 180/110 a haƙura da motsa jiki a nemi likita, haka in kin ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, a tsaya nan take a kai ki asibiti, kar a ce bari a ga gobe.