Tambayi Injiniya: Karatu na tura shi, ya koma haɗa motar tsere

TAMBAYA, daga wani uba a Zariya:

Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Ɗana ne yake karatun injiniya ɓangaren injina a wata jami'a a Ingila, yana aji biyu. To tun da aka shiga wannan zangon duk sanda na kira shi sai ya ce min yana gareji, wai shi da 'yan uwansa ɗalibai sun haɗu suna ƙera motar tsere, har ya ce hutun bana ba zai zo gida da wuri ba sai an gama gasa a watan Yuli a wani wuri wai shi Silverstone. Ni dai karatu na tura shi ba kanikanci ba, da gareji nake so ai ga Panteka nan kusa da mu. Mahaifiyarsa kuma tun da ta ji an ce tsere hankalinta ya ƙi kwanciya. Abin nan yana da amfani ne ko in ce ya bari?

AMSA:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya yi wa yaro albarka. Don Allah kar ka hana shi. Wannan garejin da kake jin haushinsa shi ne ajin da ya fi kowane aji amfani a duk karatun da yake yi, zan kuma yi maka bayanin dalili, amma akwai sharaɗi ɗaya da nake ganin ya kamata ka gindaya masa, zan zo kansa.

Abin da ya shiga sunansa Formula Student. A Amurka aka faro shi a 1981, a Jami'ar Texas da ke Austin, can suna ce masa Formula SAE, sai Ingila ta fara nata a 1998 ƙarƙashin ƙungiyar injiniyoyin ƙasar wato IMechE, yanzu kuma a Silverstone ake yi, filin da ake tseren Formula 1. Jamus ma ta fara nata a 2006 a filin tsere na Hockenheim. Yadda abin yake, ɗalibai ne za su zauna su zana ƙaramar mota mai kujera ɗaya daga farko har ƙarshe, su yanka ƙarfe su yi walda su haɗa waya su gwada ta da kansu, malamin da ke kula da su shawara kawai zai bayar, doka ta hana shi zana musu ko haɗa musu, kuma ba a yarda a riƙa dawo da tsohon firam, wato ƙarafan da suke ƙashin motar, ana sake masa fenti ba, sabo ake so.

To ga inda mutane ba su gane ba Alhaji, sunan ne tsere amma ba wanda ya fi gudu ne yake cin gasar ba. Maki 1000 ake rabawa, a dokar Amurka 325 daga ciki ana samunsu ne mota tana tsaye ko tayar da ita ba a yi ba, sauran ƙasashe sukan ɗan canza lissafin amma dai kusan haka ne. Alƙalan injiniyoyi ne daga kamfanonin motoci, za su zo su kewaye motar, ɗaya ya nuna wani ƙarfe da ya riƙe taya ya ce wa ya zana wannan, yaro ya fito, a ce masa me ya sa ka yi shi da wannan kauri ba ka rage ba, nawa ne nauyin da yake ɗauka in an taka birki a kwana, ina lissafinka, ka gwada shi ko a kwamfuta kawai ka gani? In ya ce ai haka na ga 'yan bara sun yi to maki ya tafi. Bayan wannan akwai rahoton kuɗi, wanda sai an rubuta farashin kowane noti da kowace walda, sannan wasu su tsaya gaban alƙalai su tallata motar kamar masu neman jari. Ni a ganina yaron da ya sha wannan tambayar a shekara ashirin, babu wata intabiyu ta neman aiki da za ta firgita shi.

Injin ɗin ma an ɗaure masa hannu da gangan. In na fetur ne kar ya wuce cc 710, shi ya sa yawanci injin manyan babura suke sa wa irin su Honda CBR600 ko Yamaha R6, sannan duk iskar da injin zai shaƙa dole ta bi ta wani rami mai faɗin milimita 20, bai fi kaurin babban yatsanka ba. Ka ga mai kuɗi ba zai sayo ƙaton inji ya cinye kowa ba kenan, sai dai ka rage nauyi, ka gyara yadda taya take kama ƙasa, ka yi dabarar yadda 'yar iskar nan za ta wadatar. Duk darasin zafi da kwararar iska da ƙarfin ƙarafa da ake rubuta musu a allo, nan ne yake zama abin taɓawa da hannu.

Sai maganar Hajiya, kuma tana da gaskiya, uwa ce. A gaya mata kafin a bar mota ta taka fili sai ta wuce bincike mai tsanani, wasu ƙungiyoyin ma a nan suke ƙare gasarsu ba su ko shiga fili ba. Ana ɗora motar a kan wani teburi da direba a ciki, a karkata ta har zuwa digiri 60 a duba ko mai ko ruwa zai ɗiga, a kuma ga ko za ta kife. Ana sa direba ya taho da gudu ya take birki, sai tayoyi huɗun duka sun kulle tare. Direba yana zaune da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci da wuri, bel a ɗaure, hannu a kan sitiyari, sai a ce fita, dole cikin sakan 5 ƙafafunsa biyu su taka ƙasa, in ya wuce ba zai tuƙa ba. Akwai baka biyu na ƙarfe, ɗaya a bayan kansa ɗaya a gaba, yadda ko motar ta juye kansa ba zai taɓa ƙasa ba. Filin kuma da robobi ake shata shi, kwana kan kwana, da ƙyar ake ɗan haura kilomita 100 a awa, wanda direbobin hanyar Zariya zuwa Kano suna wuce haka kullum da fasinja cike. Ba a gogayya taya da taya irin na talabijin, agogo ake tsere da shi, in za ka wuce wani ma akwai wurin da aka ware. Ban ce babu haɗari ko kaɗan ba, aikin injin yanka da walda sai da kula, amma ba abin da take hangowa ba ne. Ƙari a kan haka a ƙungiya mai mutum da yawa 'yan kaɗan ne suke tuƙi, mai yiwuwa ɗanka ma bai taɓa zama a kujerar ba, ka tambaye shi.

Abin da ya fi burge ni a gasar shi ne zagayen ƙarshe, kilomita 22, shi ya fi kowanne maki. Da an yi rabi sai a tsaya a kashe injin a canza direba, kuma ba a yarda a taɓa komai da sunan gyara ba, ba a turawa, dole ta tashi da kanta da zafinta. Wallahi a nan ake ganin hawaye, motar da aka shekara ana yi sai ta ƙi tashi saboda batir ya yi sanyi ko wata waya ta saki, ko alƙali ya leƙa ƙasa ya ga ɗigon mai ya ce shi kenan an fita. Motoci da yawa ba sa kai ƙarshe duk shekara, har da na manyan jami'o'i. Yaron da aka taɓa fitar da motarsu saboda noti ɗaya da bai ɗaure da kyau ba, har ya tsufa ba zai sake sa hannu a takardar aikin da bai duba ba, kuma irin wannan injiniyan muke nema ya dawo mana, gadoji da injinan asibiti da na masana'anta ai duk wannan halin suke buƙata. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa suke turo mutanensu wajen gasar suna farautar ma'aikata, Ross Brawn ma wanda ya jagoranci injiniyoyin Ferrari zamanin shahararren direban Formula 1 Michael Schumacher ya kasance cikin iyayen gasar ta Ingila.

Sharaɗin da na ce: abin yana cin lokaci sosai, akwai yaran da gareji yake ɗauke musu hankali har lakca ta gagare su, jarabawa ta zo su faɗi. Ka ce masa ka amince, amma duk ƙarshen zango ya turo maka sakamako, in ya fara sauka to ya rage nauyin da ya ɗauka a ƙungiyar. Kuma in kun yi waya ka tambaye shi wane ɓangare ne nasa, birki ne ko sitiyari ko lagireto, ka sa ya yi maka bayaninsa da Hausa har ka gane, in ya iya to da gaske yana koyo.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Kano:

Salam Injiniya. Ina aji uku a ɓangaren lantarki, na ga bidiyon irin waɗannan motocin na ɗalibai a YouTube sun burge ni sosai. Mu a nan za mu iya kuwa tun da ba kuɗi? Kuma 'yan ajinmu sun ce wai ba harkar mata ba ce.

AMSA:

Ƙanwata, ki ce wa 'yan ajin naku su nemi labarin motar da ɗaliban Zurich da Lucerne na ƙasar Siwizalan suka haɗa, ƙungiyar AMZ, wadda a watan Satumba na 2023 ta tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin sakan 0.956, ta kafa tarihin duniya a motocin lantarki, wadda take kan sitiyari ranar mace ce, Kate Maggetti. Wannan ya wadatar a kan maganarsu.

Kuɗi kam matsala ce ta gaske, ba zan ɓoye miki ba, kuma ba haɗa motar ne kaɗai ba, kai ta Turai da biza da tikitin mutane shi ne babban dutsen. Amma ɗaliban Masar irin na Jami'ar Ain Shams sun sha zuwa Silverstone, Indiya kuma ta kafa tata gasar a gida, Formula Bharat. Mu ma ba daga sifili za mu fara ba, ɗaliban ABU Zariya da na Jami'ar Legas da ta Benin sun taɓa haɗa motoci suka shiga Shell Eco-marathon, ita wannan ba gudu ake nema ba, wa zai yi nisa da mai kaɗan ake dubawa, amma aikin haɗin gwiwar iri ɗaya ne.

Ki fara da sauke littafin dokokin gasar, kyauta yake a intanet, ku samu mutum goma masu naci daga lantarki da injina har da wani daga sashen kasuwanci wanda zai iya rubuta wasiƙar neman tallafi, da malami ɗaya da zai tsaya muku a gaban shugaban tsangaya. Gasar Ingila tana da rukunin da ake shiga da zane da lissafi kawai ba sai da mota ba, nan ya kamata sabuwar ƙungiya ta sa ido a shekarar farko. Akwai kuma gasar Baja SAE da aka fara a 1976, ta ƙaramar motar daji mai bin rami da taɓo, ta fi sauƙin haɗawa kuma ta fi kama da hanyoyinmu. Hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya ma ƙofa ce da ya kamata ku ƙwanƙwasa da takardarku a hannu.

Na san lantarki kike karanta kuma zuciyarki tana kan mota mai batir, amma don Allah kar ku fara da ita. Dokar gasar ta yarda a kai har bolt 600, wannan wutar kisa take yi nan take, sai da kayan kariya da wanda ya san aikin a tsaye a kanku. Ku fara da injin babur na hannu, aikin waya da na'urorin auna zafi da gudu da makunnin kashe mota na gaggawa duk naki ne, kuma da yawa daga cikin motocin da suke mutuwa a fili ta nan suke mutuwa. Wajen firam kuma kar wanda ya ce ku je kasuwa ku sayo fayif ɗin ruwa ku yi walda, doka ta faɗi kaurin ƙarfen da za a yi bakan da ke kare kan direba, wajen milimita 25 faɗi da kaurin bango kusan milimita 2 da rabi, ku je da ma'auni ku auna da kanku kafin ku biya, sannan ku yi walda a guntaye ku karya su ku ga inda suke tsagewa kafin ku taɓa na motar. In kun haɗa mutanen ki sake rubuto min, sai mu yi maganar yadda ake raba aikin.