Awa Biyu da Rabi a Abuja, ga Gwaggo a Kubwa

Nasiru, wa alaikumus salam. Ya shirye-shirye? Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya sa karatun ya amfane mu baki ɗaya.

Saƙonka ya ba ni dariya har Hajiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya, daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ka ce jirgin Yola zai sauke ka Abuja ƙarfe 11 na safe, na Adis Ababa ya ɗaga ƙarfe 1 da rabi, daga can sai Ingila. Gwaggonka Asabe ta aiko cewa ba ka isa ka ratsa garin da take ka bar ƙasa ba tare da ka je Kubwa ta sa maka albarka ba. Kai kuma kana tambaya ko a al'ada laifi ne ka yi mata sallama ta bidiyo a waya, tunda lokaci ya ƙure.

Ɗana, lokaci bai ƙure ba, kai ka ƙure shi. Tun yaushe bizar nan ta fito? Ranar da ka zauna sayen tikiti ka tuna da farashi, ka tuna da kilo nawa za a bar ka ka ɗauka, ka tuna da kujerar bakin taga. Matar da ta goya ubanka ce kaɗai ba ta samu gurbi a lissafin ba.

Mu da muka tashi a Gangare, nan Jos, sallamar tafiya ba aikin yini ɗaya ba ce. Ko Kaduna mutum zai je ya kwana biyu, sai ya bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya ce a yafe masa. Wani ya ba shi sule, wata ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli ko dakuwa a tsumma, kowa kuma ya ce, "Ka sa mu a addu'a," don an san addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce. Kakarmu Iya, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Mai tafiya da mai jinya, ba a barinsu su kwana da haƙƙin kowa." Tana da dalili. A zamanin iyayenta da ƙafa ake tafiya Makka, ta Barno, ta Chadi, ta Sudan, a yi shekaru a hanya ana noma ana ƙwadago ana ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na can Sudan har yau suna jin Hausa. To wanda zai kama irin wannan hanya, sallamarsa ta neman gafara ce da biyan bashi. Daga nan abin ya samo tushe. Gwaggonka ba shinkafarta take so ka ci ba. So take ta dafa kanka, in akwai wani abu a ranta game da kai ta sauke shi kafin ka haye ruwa.

Maganarka ta tuno mini da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ba ka riska ba. A 1973 ne, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, mutane na ta rikicewa da lissafi a kasuwa. Ya ɗauke ni rakiya zuwa Kaduna, ina ɗan saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya da buhun dankalin Turawa na tsaraba. Muka hau jirgin ƙasa daga Jos muka gangara Kafanchan, inda layin Jos ke haɗuwa da babban layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi. Nan muka sauka jiran wanda zai wuce da mu arewa. Aka ce ya kusa.

Kawu ya dubi rana, ya gyara hula, ya ce in zauna a kan akwatin kada in motsa ko da wa ya kira ni. A cikin gari akwai tsohuwa, matar malamin da ya yi masa saukar Alƙur'ani, malamin ya rasu, kuma shi ba zai taka ƙasar Kafanchan ya wuce ba ta ga fuskarsa ba. Wani ɗan kasuwar goro da ke kusa da mu ya ce, "Malam, jirgi fa na hanya." Kawu ya ce, "Zumunta a ƙafa take," ya kaɗa riga ya tafi.

Ina zaune ina kallon masu tallan doya da gyaɗa da lemo, sai na ji ƙasa na rawa a ƙarƙashin akwatin tun kafin in hango hayaƙi. Jirgi ya shigo tasha, aka ruɗe. Masu sauka na turo kaya ta taga, masu hawa na cusa yara ta ƙofa, ni kuwa ga akwati, ga buhu, ga tikiti a aljihun Kawu. Mai goron nan da wata Bayarabiya mai atamfa suka ce in tashi, na ce an ce kada in motsa. Matar ba ta saurare ni ba, ta ciccibi buhun ta ɗora wa wani ɗan dako, mai goro ya ja akwatin, ni ma aka tura ni cikin tarago ina waige. Aka busa usur. Ma'aikaci ya ɗaga koriyar tuta. Taragon ya yi wata girgiza, ƙarafa suka ɗauki ƙara tun daga gaba har baya, muka fara tafiya a hankali.

Sai ga Kawu ya ɓullo ta bayan rumfar masu abinci. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, hula a baki ya cije ta, a hammatarsa kuwa zakara ne ja, da ransa, yana ta kyarkyara. Ashe tsohuwar ta ce ba ya tafiya sai ya sha fura, da ya sha kuma ta ce ba ya fita hannu banza, aka shiga zagaye gida ana kamun zakara. Duk taragon aka koma taga ana ihu, "Yi sauri, Malam! Miƙo hannu!" Ya fara miƙo zakaran, wani soja ya karɓa, sannan mutum biyu suka kama shi ta wuyan riga suka fizgo shi ciki. Takalminsa ɗaya ya zauna a Kafanchan. Ya zube a kan buhun dankali yana haki, da numfashi ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Alhamdu lillahi, na same ta." Mai goro ya dubi ƙafarsa ya ce lallai zumunta a ƙafa take, ga ta ta cinye takalmi. Har muka wuce tasha ta gaba ana dariya, Kawu na taya su. Da ƙafa ɗaya a takalmi ya shiga Kaduna, kuma har ya bar duniya bai taɓa cewa ya yi wauta ba.

Na san yanzu kana cewa to Baffa ya goyi bayan Gwaggo ke nan. Dakata. Jirgin Kawu yana tashi ƙofa a buɗe, da hannuwa a miƙe. Naka ba taga, ba soja, ba mai goro. In an rufe an rufe, ko kana hango shi ta gilashi.

Zauna mu yi lissafin da ya kamata ka yi tun farko. Jirgin ƙasashen waje ana so mutum ya isa awa 3 kafin tashi, kuma yawancin kamfanoni suna rufe kantar auna kaya kamar awa 1 kafin lokaci. Kenan ƙarfe 12 da rabi ne naka, ba 1 da rabi ba. Ka ce tikitin Yola daban ka saya, na waje daban, kamfani biyu da ba ruwan wani da wani. Ma'anarsa akwatinka ba zai bi ka da kansa ba: sai ka tsaya ya fito, ka ja shi zuwa ɓangaren ƙasashen waje, a bincika, a auna, ka karɓi katin shiga jirgi, ka bi layin jami'an shige da fice su buga maka hatimi, ka cire bel da agogo a wurin na'urar bincike. Sa'arka ɗaya a Abuja gine-ginen na kusa da juna, ba kamar Legas ba da sai ka nemi mota daga na cikin gida zuwa na waje. In na Yola ya makara ka rasa na Adis, ba wanda zai ce maka sannu; sabon tikiti ne ko tara mai zafi. Da a tikiti ɗaya aka haɗa maka tafiyar, kamfanin ne zai nema maka wani jirgin. Sannan a Janairu za ka tashi, tsakiyar hunturu. Ka fi ni sanin yadda hazo ke rufe Yola har jirgi ya kasa sauka, a wuni ana cewa a ƙara haƙuri.

Kubwa kuwa, ko ta Lugbe ka bi ko ta Giri da Zuba, zuwa kaɗai zai ci maka abin da ya kusa awa guda in hanya ta yi kirki. Kuma na san 'yar'uwata. Ba za ta kama maka zakara ba, amma sai ka ci tuwo, sai an kira maƙwabta sun ga ɗan ƙaninta mai tafiya Ingila, sai an yi addu'a doguwa. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji mahaifinmu, duk lokacin da ya ga ɗayanmu na son zuwa kallon ƙwallo da makarantar dare a yamma ɗaya.

Tunda na ambaci tsarabarta, ka buɗe kunne. Za ta haɗa maka kilishi da man shanu da dambun nama, wai can ba abinci. Ingila ba a shiga musu da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Ƙwacewa za su yi, in ba ka yi sa'a ba har da tara. Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka bar wa yaran gidan. Abin ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100, turarenka ya shiga babban akwati. Wanda duk ya tare ka a filin jirgi da ƙunshi, ko da rawani ne a kansa, ya ce don Allah ka miƙa wa ɗansa a Landan, ka ba shi haƙuri. Wannan na faɗa ne raina ba daɗi, don mu da saƙon mutane muka yi ta yawo, wasiƙa da kuɗi da magani, ba mai buɗewa. Yau mutanen kirki sun kwana a hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, saboda kayan da ba su san cikinsa ba. Ko na ɗan'uwa ne, a kwance a gabanka ka gani.

A Adis kuma ka gyara agogo, sun riga mu da awa 2, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin ne. Ka fara gano ƙofar jirginka kafin shayi, kafin hoto. Maganar haɗa Azahar da La'asar da yin ƙasaru ka tambayi malaminka tun kana gida, kada sai an kira shiga jirgi ka tsaya neman inda za ka yi alwala.

Bidiyon da kake magana, ban ce haramun ba ne. Ni ma da shi nake ganin jikokina. Sai dai ina kallon yadda kuke yi: waya a hannu, ido a wani wuri, ana tafiya ana "Gwaggo sai na dawo," ko zama ba a yi ba balle durƙuso. Mu ma da laifinmu, mu muka sake muku har gaisuwar Salla ta koma saƙo ɗaya da ake tura wa mutum ɗari. Ka ce ko Gwaggo ta zo filin jirgin. Rakiya al'ada ce, ana yi, amma babba ne ke cewa zai raka yaro, yaro ba ya aika wa babba ya zo ya same shi. Da ciwon gwiwar nan nata ma, ta tsaya a bakin ƙofa cikin turereniya don ta gan ka minti biyar kana jan akwati?

Akwai jirgin Yola ranar da ta gabaci tafiyar, ko ba haka ba? Akwai kuma ɗaki a Kubwa, wanda ubanka ke sauka. Ka bincika nawa za su caje ka in ka matso da tikitin baya da kwana ɗaya, ka gaya mini kafin Juma'a, in abin bai fi ƙarfina ba zan sa hannu. Kada ka kira Gwaggo tukuna, bari in fara jin yanayinta, don jiya da muka yi waya ko sunanka ba ta kama ba, "yaron nan" take ta cewa. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan ina jiran zumar da ta yi mini alkawari.